Babur Mara Ƙara

Ni na riƙe hannun Baba ranar da aka je zaɓar babur ɗin, don haka kar wani ya zo yana ba ni labarin abin da ya faru a gidanmu. Ina wurin tun farko, kuma da bakina aka yi rabin ta'asar.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana Dogo. Shekara arba'in ya yi yana gyaran babura kafin ciwon suga ya cinye masa ido. Idon ya tafi, amma kunnen yana nan daram. Babur zai wuce ta bayan katanga, Baba yana zaune a ɗaki zai ce fulogin wancan ba zai kai mako ba. Ɗakinsa ne na farko in ka shigo get, tagarsa tana kallon lungun da ake bi a shiga tsakar gida, lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa. Tsohon babur ɗin Dogo kuwa tun daga kan gada ake jin tahowarsa. Kafin ya kashe shi Baba ya riga ya ce, "Dogo, leƙo mana." Wata rana magani ne ya ƙare, wata rana rediyo ce ta ƙi kama tasha, amma yawanci muryar ɗansa kawai yake son ji. Dogo yakan shigo mini yana tsaki, wai mutum ko takalmi bai cire ba an fara kiransa.

Aikin Dogo duba turakun waya ne a kan duwatsu, inda babu kwalta sai tsakuwa da ramuka. Da tsohon babur ya gaza, abokan aikinsa suka ce ya sayi mai lantarki, irin dogon nan mai taya mai haƙora, wanda ake yi don hanyar daji. Shi da kansa ya ce a tafi da Baba ya taya shi zaɓe. Wallahi na ji daɗi. Baba ya sa na goge masa rigarsa mai kyau, ya tashi tun da sassafe yana jira. A lokacin ciwon da ke ƙasan babban yatsan ƙafarsa ta hagu bai fi ƙwayar wake ba. Mai kemis ya ce kar mu yi wasa da shi, mu kai shi babban asibiti, ranar Talata ake ganin masu suga.

Babura biyu mai shagon ya turo mana, ja da baƙi. Baba ya saki hannuna ya durƙusa. Ya shafa taya, ya danna gaban ya ji yadda yake lotsawa, ya matsa birki, ya sa yatsa ya ɗaga sarƙa. Mai shago ya tsaya da baki buɗe, ya daina tallan da ya faro.

"Ina salansa?" in ji Baba.

"Babu, Baba. Ba ya shan mai, caji ake yi masa kamar waya."

"To, tayar da shi in ji."

Mai shago ya yi dariya. "Ai a tashe yake tun ɗazu."

Baba ya karkata kai. Na ga fuskarsa ta ɗan canza. Ni kuwa Dogo na kalla, na ga yana murmushi, wani irin murmushi da ban so ba.

Baba ya koma kan kujerun ya auna su da tafin hannu. Baƙin kujerarsa doguwa ce, da wurin ɗora ƙafar na baya. Jan kuwa kujerarsa 'yar siririya ce, ta mutum ɗaya, babu ko ƙarfen da za a taka.

"Ɗauki wannan," ya ce, yana dukan baƙin. "Ya fi nauyi, amma yana ɗaukar mutum biyu. Ka ga sai ka riƙa kai ni asibitin a kai, in ji yadda abin zamani yake tafiya kafin in mutu."

"To, Baba."

"Sai dai ka sa masa wani abu mai ƙara. Abin hawa da ba a jin zuwansa ba alheri ba ne."

Mai shago ya ce akwai 'yar na'urar da ake liƙawa tana ɗan kuka, kyauta ma yake bayarwa. Dogo ya ce zai dawo ya karɓa. Muka koma gida Baba yana ta ba ni labarin baburan da ya taɓa gyarawa.

Washegari da la'asar ina shanya kaya sai kawai na juya na ga mutum a bayana a kan babur. Saura kaɗan in saki ihu. Jan ya kawo. Ya bi ta lungun, ya wuce ta gindin tagar Baba, ya shigo har tsakar gida, babu wanda ya ji. Ya ɗora yatsa a kan leɓe.

A ɗaki na ce, "Baban ya ce baƙin."

"Baƙin nauyi gare shi, ba zai hau dutse ba. Shi zai hau ko ni?"

"To asibitin fa?"

"Ana sayar da kujerar daban, zan sa a kawo." Ya zauna ya cire takalmi a hankali. "Ki ji, in ya tambaya, ki ce aiki ya kai mu nesa, a can muke kwana."

Na ce ban gane ba.

"Kwana biyu kawai, in huta. Kin san yadda nake dawowa a gajiye. Ba gudunsa nake yi ba."

Da na ce ba zan iya yi wa tsoho ƙarya ba, sai ya ce to in je in gaya masa ɗansa yana ɓuya, in ga wanda zai fi jin ciwo. Na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina na farko. Da yammar ya ɗauki kwalbar man Baba, wadda ke rataye a ƙusa tun yana aiki, ya je ya ɗiga wa ƙarafan get ɗin mai har suka daina kuka.

Da na kai wa Baba abinci ya ce, "'Yata, Dogo ya dawo?"

"Bai dawo ba, Baba. Aiki ya kai su nesa."

Ya jawo kwanon gabansa. Sannan ya ce, "To. Allah ya tsare."

Kwana biyu suka zama mako. Gidan ya koma wani iri. Dogo ya cire wa wayarsa ƙara, yana magana da raɗa, tari ma sai ya toshe baki da filo. Ni ma na koyi tafiya a hankali, kamar ni ce na yi sata. Batirin babur ɗin yakan ciro ya kai ɗaki ya sa a caji, wata 'yar fitila koriya tana ƙiftawa a gefen gado. Na tsani fitilar nan.

Talatar farko na tashi Dogo daga barci na ce yau ce ranar asibiti. Ya ce kujera ba ta iso ba. Na ce to mu hau mota. Ya ce yau manyansu za su zo duba aiki, mako mai zuwa ba fashi. Baba ya riga ya sa rigarsa mai kyau, yana zaune a bakin gado. Na ce masa Dogo ya bugo waya, bai samu tahowa ba. Ya cire hular ya ajiye a kan gwiwa, ya ce ba komai, aiki ne.

Kafin Talata ta biyu aka tafka ruwa kwana uku, gadar unguwarmu ta rufta. Mu ne gidajen ƙarshe, tsakaninmu da titi sai kwazazzabo. Mota ta daina zuwa. Masu babur na haya suna tsayawa a can ƙetare, na roƙi biyu, suka ce ba za su ratsa da tsoho mara lafiya ba, in ya faɗi wa za a kama? A duk unguwar abin hawa ɗaya ne yake gangarawa cikin kwazazzabon ya haura ba tare da ya tsaya ba, kuma a tsakar gidanmu yake kwana. Kullum Dogo yana yabonsa, wai ko laka ba ta riƙe shi.

Ciwon ya buɗe. Safe da yamma ina wanke shi da ruwan gishiri in ɗaure, bandejin ba ya awa biyu sai ya jiƙe. Baba ba ya jin zafi a ƙafar, suga ya kashe masa jinta, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ni ce idonsa, ni nake ganin yatsan yana baƙi.

"Yaya yake yau, 'yata?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ke kin fiye da sauƙi," ya ce yana dariya. "In na mutu ma haka za ki gaya wa mutane."

Na gaya wa Dogo zan nemo maƙwabta su ɗauke shi a ƙetare da shi. Nan ne na ga ɓacin ransa. Wato so nake a ce yana raye, yana da abin hawa, aka ɗauki ubansa a ka kamar kaya? So nake in tozarta shi a unguwa? Na ce to ka je ka ga ƙafar da idonka. Ya ce shi ba ya iya ganin ciwo, zuciyarsa tashi take, kuma in ya shiga yanzu me zai ce wa tsohon? A bari dai kujera ta iso, sai ya shigo kamar daga tafiya.

Na kira ƙanwar Dogo da ke aure a wani gari. Ta saurare ni, ta ce ai Yaya yana ƙoƙari, waye yake ciyar da gidan? Ciwon tsufa ne, a yi ta addu'a. Kuma in yi hankali, kar in zama mai shiga tsakanin ɗa da uba. Ta ce in gaida Baba, kati ya kusa ƙarewa.

Na koma wurin Baba da kansa na ce ko in nemo mutane mu tafi. Ya girgiza kai.

"Dogo ya ce shi zai kai ni. Zan jira shi."

Wata rana da rana tsaka na fito na tarar da shi a lungu, a durƙushe, yana shafa ƙasa da tafin hannu. Ƙasar da damshi, sawun tayar nan mai haƙora ya fito raɗau tun daga get har tsakar gida. Na matsa kusa da shi.

"Baba, me kake nema?"

"Hulata ce ta faɗi."

Hular tana kansa. Na kama shi na mayar da shi ɗaki. Da yamma ya sake tambayata ko Dogo ya dawo, na sake cewa bai dawo ba. Allah ya yafe mini.

Talata ta uku Dogo ya ce mai shago ne bai kawo kujera ba. Na nemi lambarsa a jikin takardar babur ɗin na kira. Ya ce wace kujera? Jan ba a sa masa kujerar baya, ƙirarsa ke nan, kuma ya gaya wa maigidana tun ranar. Ya ce 'yar na'urar ƙarar ma tana nan a ajiye, ba a zo an karɓa ba. Da na tari Dogo da maganar ya ce tun yaushe na fara bincikensa.

Zuwa Talata ta huɗu wari ya cika lungun. Turare ba ya danne shi. Ƙudaje suna bin tagar, baƙin ya wuce yatsa ya hau tafin ƙafa, zazzaɓi yana zuwa kullum da la'asar. Baba ya daina kunna rediyo, abincin ma cokali uku yake ci ya ture. Dogo kuwa in zai bi ta lungun sai ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci. Wato hancinsa ya san halin da ake ciki. Ya ce mini wannan makon tabbas, zai ari babur ɗin wani abokinsa.

Ranar Talata ta biyar gari ya waye da hadari. Dogo ya sa batir, ya rataya jaka, ya turo babur ɗin da hannu kamar yadda ya saba. Na biyo shi da kwanon abincinsa, na ce ina babur ɗin abokin? Ya yi mini alamar in rufe baki. Muna shiga lungun ya tsaya cak.

Baba yana zaune a ƙasa, ya jingina da bangon ɗakinsa, sanye da rigarsa mai kyau da hula. Ya miƙe ƙafar mai ciwo ta tare lungun har ɗaya bangon. Yadda ya ja jiki ya fito, ban sani ba. Bandejin ya kwance, ƙafar tana waje. Ranar Dogo ya fara ganinta.

Na ɗauka zai saki babur ɗin ya durƙusa. Wallahi haka na ɗauka. Ya tsaya yana kallon ƙafar. Sai ya waiwayo ya sake ɗora yatsa a kan leɓensa. Ya riƙe numfashi, ya ɗaga tayar gaba a hankali ya tsallakar da ita ta kan ƙafar mahaifinsa. Ya tsallaka shi ma. Ya kama bayan ya ɗaga. Da tayar baya ta sauka, sarƙar ta taɓa ƙarfe ta ce ƙas, ƙarar da ni ban taɓa lura da ita ba.

"Dogo," in ji Baba.

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Dogo ya daskare.

"Sarƙarka ta saki. Tun ranar da ka kawo shi nake jin ta, safe da yamma. Kullum ƙara saki take. Sifana mai lamba sha bakwai yana cikin akwatina, a ƙarƙashin gado. Ka ɗaure ta. In ta fita kana gangarowa daga dutse, kayar da kai za ta yi."

Kwanon da ke hannuna ya faɗi.

"Baba," Dogo ya ce, "jiya na dawo, na tarar kana barci."

"Na sani," in ji Baba. Ya sa hannu biyu ya janye ƙafar zuwa jikinsa. "Jan ka ɗauka, ko? Na ji sawunsa, tayarsa ta fi siranta. Ba laifi, shi ma yana da kyau. Wuce, kar ka makara."

Ya wuce. Ina so a rubuta wannan yadda ya faru, kar a gyara masa. Ya tsaya kamar zai yi magana, ya duba agogo, ya ce bari ya je ya nemi izini a wurin aiki ya dawo yanzu-yanzu. Ya buɗe get ɗin da ba ya kuka, ya fita.

Ban jira shi ba. Na fita ko mayafin kirki babu, na buga ƙofar maƙwabta. Maza huɗu suka cire ƙyauren ɗakin ajiya, suka ɗora Baba a kai, suka gangara kwazazzabo da shi ana yayyafi, ruwa har gwiwa. Abin da Dogo ya ce zai tozarta shi, minti ashirin ya ɗauka. Mako biyar ina da ƙafa, ina da baki, ina jin tsoron minti ashirin.

Likita ya buɗe ƙafar, ya kalle ni ya ce ina muke tun tuni? Ya ce da wata guda da ya wuce ne, yatsa ɗaya za a cire. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Dogo ya iso asibiti da yamma, ya yi kuka sosai, har masu jinya suna ba shi haƙuri. Ga duk wanda ya zo dubiya yana cewa aiki ne ya riƙe shi a daji, ga gada ta karye, kuma tsohon akwai zurfin ciki, ko sau ɗaya bai kira shi ya ce ga halin da yake ciki ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Mutumin da yake kiransa kullum kafin ya cire takalmi, mako biyar yana jin wucewarsa ta gindin taga bai kira ba, don ya gane ba a son kiran. Ƙanwarsa ta zo ta ce ƙaddara ce. Da ta keɓe ni kuma ta ce ai ni ce nake wanke ciwon, me ya hana ni magana?

Mutane suna jin ana cewa wane ya wulakanta iyayensa, sai su zaci duka ne ko zagi. A gidanmu ba a taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Ba a hana shi abinci ba, ba a fitar da shi daga ɗakinsa ba. An dai zaɓi babur mai kujera ɗaya, an ɗiga wa get mai, an samu mace mai tsoron ɓacin ran miji ta riƙa cewa bai dawo ba. Kuma duk yammar da ya tambaye ni, ya san amsar. Dama yake ba ni in faɗi gaskiya, sau talatin da wani abu, ban ɗauka ba.

Baba ya dawo gida, yana ɗakinsa na bakin get. Dogo yakan leƙa shi ranar da ya ga dama, ya tsaya daga ƙofa. Shawarar tsohon kuwa ya bi ta. A makon da aka yi aikin ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya ɗauki sifana mai lamba sha bakwai, ya ɗaure sarƙar tam. Yanzu babur ɗin ba ya yin ko ƙas.

Jiya da la'asar na kai wa Baba shayi, na same shi ya kafa kunne a jikin taga.

"'Yata, Dogo ya dawo?"

Yanzu da gaske yake tambaya, don ba ya jin komai.

"Ya dawo, Baba. Tun ɗazu. Yana ɗaki."

Ya gyaɗa kai, ya lalubi kofin.

"To, madalla," ya ce. "Ashe ya ɗaure ta."